Ya Ji, Amma Bai Riƙe Ba: Darasi Kan Yaran Da Aka Dasa Wa Na'urar Ji

Darasin wannan fitowa ya shafi uwar da Allah Ya ba ɗa kurma aka yi masa dashen na'urar ji, ko ake shirin yi masa, ya kuma shafi malamar da wata rana za a kawo mata irin wannan yaro aji. Ke ma da ba ki cikin waɗannan biyun kada ki wuce shafin, domin abin da za mu tattauna yana cikin kan kowane yaro da ke koyon magana.

Bari mu fara da ɗan gwaji. Ki karanta lambobin nan sau ɗaya tak, ki kau da ido, ki faɗe su: 4, 9, 2, 7, 5, 1. To yanzu ki faɗe su daga ƙarshe zuwa farko. Kin lura da abin da kika yi? Wata murya ce a cikin kanki take ta maimaita su, wataƙila ma har leɓenki ya motsa. Da a ce wani ya yi sallama a daidai lokacin, da shi ke nan, sun zube. Wannan ɗan wurin da kika ajiye lambobin kina juya su, shi masana halayyar ƙwaƙwalwa ke nufi da riƙon magana na ɗan lokaci. Mu za mu riƙa ce masa “riƙo” kawai.

Allon da ke wanke kansa

A shekarar 1974 wasu masana biyu a Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka fito da bayanin da har yau ake aiki da shi. Abin da ya shafe mu a ciki kashi biyu ne. Akwai ma'ajiyar da sautin magana ke sauka a cikinta, amma ba ya wuce kamar daƙiƙa biyu sai ya dushe. Akwai kuma biyawa a zuci, wato wannan muryar da ta yi ta maimaita miki lambobi, ita ce ke sabunta sautin kafin ya dushe. Ki ɗauka allo ne, amma allon da ke wanke kansa. In ba a bi ta kan rubutun da alƙalami ba, kafin ki ƙifta ido ya goge.

Allon ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller na Amurka ya ce babban mutum yana riƙe abu bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya ce in aka hana mutum dabarar haɗa abubuwa rukuni-rukuni, abin bai fi huɗu ba. Shi ya sa in za ki ba wata lambar wayarki mai lamba 11 kike gutsura ta gida uku ko huɗu, ba wanda ya koya miki.

Ina ruwan wannan da koyon harshe? Ki ce wa 'yarki: “Shiga ɗaki ki ɗauko mini jan mayafina da ke kan gado, ki biya ki rufe ƙofar kicin.” Kafin ki kai “kicin”, dole “ɗaki” da “mayafi” da “ja” da “gado” suna nan a kan allonta, ga shi kuma tana jera su, wanne ne farko wanne ne ƙarshe. Haka nan sabuwar kalma. Ranar da yaro ya fara jin “makaranta”, gaɓoɓi huɗu ne da ba su da wata ma'ana a wurinsa. Sai ya riƙe su a jere, bai juya su ba, bai zubar da ko ɗaya ba, sannan su sami shiga rumbun da ba ya gogewa. Susan Gathercole da Baddeley sun gwada yara a Ingila da kalmomin ƙarya, irin a ce wa yaro ya maimaita “tabulanko”. Suka ga yaron da ya fi iya maimaita su yana ɗan shekara 4 shi ya fi tara kalmomi yana ɗan shekara 5. Bayan nan kuma sai abin ya juya, yawan kalmomin da yaro ya sani shi ke ƙara masa ƙarfin riƙo. Ki ajiye wannan magana ta ƙarshe a gefe, za mu dawo mata.

Abin da na'urar ke yi

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu a naɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Yawancin kurumta mai tsanani daga lalacewar waɗannan ƙwayoyi take, kuma ba sa sake tsirowa. Na'urar ƙara ji da aka saba gani ƙarfin sauti kawai take ɗagawa, in ƙwayoyin sun mutu kuwa ko ganga aka buga ba ta da amfani sosai. Ita na'urar dashe tsallake su take yi. Ɓangaren waje yana maƙale a bayan kunne, da makirfo da ɗan injin da ke sarrafa sauti, da wani faifai mai maganaɗisu da ke manne a kai. Ɓangaren ciki likita ne ke sa shi ta hanyar tiyata, ya zura siririyar waya cikin katantanwar, ita ce ke taɓa jijiyar ji da lantarki kai tsaye.

Aikin ya daɗe ana yinsa. A 1957 André Djourno da Charles Eyriès suka fara taɓa jijiyar jin wani majinyaci da lantarki a birnin Paris. A 1977 aka dasa na'ura mai tashoshi da yawa a Biyana ta Ostiriya, wadda Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera, a 1978 kuma Graeme Clark ya yi tasa a Melbourne ta Ostireliya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a yi wa yara 'yan shekara 2 a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata 9 a 2020.

Ga inda gizo ke saƙa. A kunne mai lafiya, ƙwayoyin da ke aika saƙo sun kai kusan 3,500. Wayar da ake dasawa kuwa wuraren taɓa jijiya 12 zuwa 22 gare ta, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Kamar a ba ki ƙwayar wake ashirin ne a ce ki zana fuskar mutum da su. Za a gane fuska ce, amma sai an kafa mata ido kafin a ce ta wane ce. Haka yaron yake ji. Yana jin magana, har da yawansu suna yin waya, amma sautin ba garau yake isowa ba, sai ƙwaƙwalwa ta yi aikin cike giɓi. Ƙarfin da ta kashe wajen gano “kaza aka ce ko kasa” kuwa daga kason riƙo ta ciro shi.

Abin da bincike ya gano

Likitoci sun daɗe suna mamakin abu guda. Yara biyu, shekarunsu ɗaya, na'ura iri ɗaya, likita ɗaya, amma bayan shekara biyar ɗaya na zuba surutu kamar aku, ɗayan kuwa da ƙyar yake haɗa jimla. David Pisoni na Jami'ar Indiyana a Amurka yana cikin waɗanda suka ce a daina duban kunne kaɗai, a duba abin da ƙwaƙwalwa ke yi da sautin bayan ya shiga. A 2003 shi da Miranda Cleary suka fitar da sakamakon yara 176 masu dashe, 'yan shekara 8 da 9. Gwajin da kika yi ɗazu shi aka yi musu. Aka ga jerin lambobin da suke iya riƙewa bai kai na sa'o'insu masu ji ba. Aka kuma ga yaron da ya fi tsawon riƙo shi ya fi gane kalmomin da aka faɗa masa, kuma yaron da ke jan magana a hankali shi ya fi gajeren riƙo. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda bakinsa ke da nauyi, biyawarsa ta zuci ma da nauyi take, kafin ya zagayo kan lamba ta farko allon ya wanke ta.

Za ki iya cewa, to ai don bai ji lambobin da kyau ba ne. An yi wannan tunanin. A 2015 Angela AuBuchon da Pisoni da William Kronenberger suka nuna wa matasan da suka daɗe da dashe lambobi a fuskar kwamfuta, ba sai sun saurara ba, amsar ma ba sai sun furta ba. Duk da haka riƙonsu bai kai na masu ji ba. Ashe ko da ido kika ga lamba, ƙwaƙwalwa sautinta take mayar da ita kafin ta ajiye, kamar yadda kika ji muryar nan ɗazu alhali karantawa kika yi. Yaron da ya yi watanni ko shekaru babu sauti, sannan ya tashi da sauti mai hazo, siffofin kalmomin da ke kansa ba su da kaifi, ko ta wace ƙofa suka shigo.

A kula fa, wannan magana ce ta jimilla. Akwai yara masu dashe da riƙonsu daidai yake da na kowa, har da waɗanda suka fi. Kuma ba maganar basira ake ba. Yaron da ya kasa riƙe lamba biyar yana iya kwance rediyo ya ɗaura. Na jaddada wannan ne saboda na san sunayen da muke saurin laƙaba wa yaro: daƙiƙi, mai taurin kai, mai kunnen ƙashi. An kashe dukiya an yi aiki, an kira sunansa ya waiwayo, dangi sun yi ta murna, sai a ɗauka an gama. Ranar da aka aike shi abu uku ya dawo da ɗaya, sai a ce iskanci ne, ai yanzu yana ji. Yana ji ɗin, amma saƙon ya fi allonsa faɗi. Duka ba ya ƙara wa allo faɗi, tsoro ma cinye ɗan abin da ya rage yake yi.

Namu harshen

Duk binciken da na ambata a kan yara masu Turanci aka yi, saboda haka akwai abin da ya kamata mu yi wa kanmu tunani. Na farko, Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da miyar kuka, wuyan riga da shan wuya, hawa da saukar murya ne ya raba su. “Ya tafi” na labari da “ya tafi” na umarni, tsawon wasali da karin murya ne. Na'urar dashe kuwa rauninta ke nan, ba ta isar da kaurin murya da siririntarta yadda ya kamata, kuma an ga haka a yaran Sin da ke koyon harshensu mai karin sauti. Ga kuma kafa da ƙafa, bari da ɓari, dawa da ɗawa-ɗawar da yaro zai iya ji a tsakani. Mu manya ma'anar zance ce ke warware mana irin wannan ba mu ko sani ba. Shi kuma kafin ma'ana ta taimake shi sai ya riƙe jimlar har ƙarshenta, kin ga an sake komowa kan riƙo.

Na biyu, tsawon kalma yana da tasiri. Tun 1975 Baddeley da abokan aikinsa suka nuna gajerun kalmomi sun fi dogaye zama a kai. A 1980 aka gwada masu harshe biyu a yankin Wales, aka ga sun fi riƙe lambobi da Turanci a kan harshensu, saboda nasu sun fi cin lokaci wajen furtawa. To mu daga ɗaya har tara kowace lamba gaɓa biyu ce, na Turanci kuwa kusan duk gaɓa ɗaya-ɗaya. Don haka in kin gwada ɗanki da Hausa kada ki auna shi da adadin da kika gani a littafin Turawa. Ki auna shi da kansa, bana da bara.

A aji

Mu masu koyarwa a Islamiyya babu wanda ya kai mu dogaro da riƙo. Malama ta faɗa, yara su amsa. Ga ɗan Bahaushe ɗan shekara biyar kuwa, kalmar Larabci da bai san ma'anarta ba daidai take da “tabulanko” ɗin nan a wajen nauyi, sauti ne zalla babu inda zai jingina shi. Ga baƙaƙen da babu su a harshensa. Ga yara hamsin suna ɗaga murya lokaci guda a ƙarƙashin kwano, aji na kusa su ma suna nasu. Hayaniya ita ce babbar abokiyar gabar mai dashe. A irin wannan aji yaron zai yi ta motsa baki yana bin 'yan'uwansa, ki ɗauka yana tare da ku, ranar da kika tsayar da shi shi kaɗai ki tarar babu komai.

Ba wani kayan aiki ake buƙata ba. Ki zaunar da shi gaba, kunnen da ke da na'urar ta wajenki, nesa da taga da ƙofa. Ya ga bakinki, don ido na cike abin da kunne ya bari. Mai sa niƙabi ta ɗage shi in tana cikin ajin ƙananan yara, kuma kada a juya baya ana rubutu ana magana. In yarinya ce a duba hijabinta, yadi mai kauri a kan makirfo yana danne sauti, gogarsa kuma ƙara ce a kunnenta. Gaɓar da kike ba sauran yara ki raba masa ita biyu ko uku, ya kama ta farko sannan ki ɗora ta biyu, sannan ku haɗa. Ki ba shi ma'ana tun da wuri ko da a taƙaice, abin da aka san ma'anarsa ya fi sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba. Ki sa yatsansa a kan rubutun, domin rubutu yana jira, sauti ba ya jira. Minti goma ke da shi a wuri shiru kafin a tashi sun fi masa sa'a biyu cikin amshi. In kin tambaye shi kuma ki yi haƙuri ki ƙirga biyar a zuci kafin ki wuce kan wani, sau da yawa amsar tana hanya.

A gida

Iyaye kan tambayi ko akwai wani horo da zai faɗaɗa riƙon. An gwada. A 2011 Kronenberger da abokansa suka sa yara tara masu dashe yin wani shirin kwamfuta mai suna Cogmed na 'yan makonni. Riƙonsu ya ƙaru, amma bayan wata 6 yawancin ƙarin ya ja baya, sai dai maimaita jimla ne ya ɗore. Yara tara kuwa ba su isa a kafa hukunci da su ba. Nazarin da aka yi kan irin waɗannan shirye-shirye a sauran yara ma ya nuna an fi ƙwarewa a wasan kansa fiye da karatu ko magana. Ni dai a ganina, kuɗin da za a sa a wasannin waya gara a sa su a batir da kuɗin motar zuwa wurin mai gyaran magana.

Ki tuna maganar da na ce ki ajiye: yawan kalmomi yana ƙarfafa riƙo. Wannan ƙofar a hannunki take. Binciken da John Niparko ya jagoranta a Amurka kan yara 188, wanda ya fito a 2010, ya nuna waɗanda aka yi wa dashe kafin wata 18 sun fi saurin samun harshe, ya kuma nuna yadda iyaye ke hulɗa da yaro yana da nasa kason a sakamakon. Saboda haka ki zama mai surutu, amma surutu mai amsa-amsa. Kina tankaɗe ki ce ga rariya, ga gari, ga tsaki. Ya ce “ruwa”, ki ce “ruwan sanyi kake so? Ga shi a moɗa.” Kin karɓi kalmarsa ɗaya kin mayar masa da takwas. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ya ji jiya ki sake ba shi yau, ki tsaya a tsakiya ya ƙarasa. Waƙoƙin gaɗa da na reno da wasannin tafi duk biyawa ce a cikin nishaɗi. Aike ki fara da ɗaya, ya ƙware ki mayar biyu, kuma kafin ya tashi ki ce “me na ce ka kawo?” ya faɗa da bakinsa. Da haka kike koya masa biyawar da sauran yara kan fara yi da kansu wajen shekara 7. A kashe talabijin da rediyo lokacin hira, in janareta na ruri a matsa ɗakin da ya fi nisa.

Kada wani ya sa ki daina yi masa Hausa wai don kada ta rikita shi da Turancin makaranta. Harshen da kika fi zurfi a cikinsa, wanda kike wasa da lallashi da faɗa da shi, shi zai ba shi kalmomi masu yawa. Tsinken Turancin da za ki riƙa ɗiga masa ba zai kai ko rabi ba. Na'urar kuma ta zauna a kansa duk lokacin da idonsa biyu. Na san wahalar caji a garin da wuta sai an ga dama, da gumi da ƙurar hunturu da ke lalata ta, amma ranar da ta kwana a akwati ana jiran biki, ranar ya yi ta babu harshe.

Maganar hannu fa? A nan masana sun rabu. Binciken Ann Geers na 2017 ya nuna yaran da iyayensu masu ji ba su yi musu alamar hannu ba sun fi fitar da magana garau. Wasu masanan suka ce ai mai yiwuwa yaran da tun farko magana ta yi wa wuya su ne iyayensu suka ci gaba da yi musu hannu. A shekarar dai Matthew Hall da abokansa suka duba kuramen yaran da suka tashi da cikakken harshen hannu tun daga haihuwa, ba su ga matsalar tsara tunani da kame kai da ake gani a wasu kuramen ba, abin da ke nuna rashin harshe ne ya fi rashin sauti illa. Mu kuwa muna da Maganar Hannu ta ƙasar Hausa, harshe ne cikakke, Constanze Schmaling ta yi littafi a kansa a 2000 bayan zamanta da kuramen Kano. A ƙasar da dashe ke cin miliyoyi, asibitocin da ke yi kuma 'yan kaɗan, akasarin yaranmu ba za su samu ba, masu samu ma sai an daɗe ana tara kuɗi. Barin yaro shekara uku ko huɗu babu kowane irin harshe ana jiran tiyata, ni ban ga hujjarsa ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. Aikin Anu Sharma na 2002 ya nuna sashen ji na ƙwaƙwalwa ya fi karɓar sauti in an yi dashe kafin shekara uku da rabi, bayan shekara 7 kuma da wuya ya koma daidai. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi a Amurka ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A wajenmu sai yaro ya shekara biyu ba ya magana a ce nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani, da yaron da ya tashi daga ƙyanda, da wanda aka yi wa allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin, duk a kai a auna jinsu ko da kin ga kamar lafiya lau. Sanƙarau ya fi kowanne gaggawa, ga shi muna cikin yankin da yake yawan ɓarkewa da zafi. Bayan sanƙarau katantanwar kunne tana iya fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko 'yan watanni, in ta cike kuwa zura wayar dashe ya zama da wuya. Yaron da aka sallamo daga jinyar sanƙarau kada a jira a ga ko zai warware, a nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a cikin makonnin farko.